Asalin Tsuntsaye: Tarihin Gardamar da Ƙasusuwa Suka Raba

Masana halittu a yau sun haɗu a kan cewa tsuntsaye reshe ne na dabbobin dā da ake kira dainaso, musamman rukunin masu cin nama da ke tafiya da ƙafa biyu. Kafin a kai ga wannan matsaya an shafe fiye da shekara 100 ana ja-in-ja.

Labarin ya faro ne daga yankin Solnhofen na kudancin Jamus, inda ake fasa wani dutse mai laushin fuska da masu ɗab'i ke amfani da shi. A cikinsa aka tsinci shatin gashin tsuntsu ƙwaya ɗaya, wanda Hermann von Meyer ya bayyana a 1861, ya raɗa wa mai shi suna Archaeopteryx. A shekarar kuma aka samu ƙwarangwal kusan cikakke, wanda gidan tarihi na Landan ya saya a 1862. Wanda aka tono daga baya, yanzu yana Balin, ya fi shi kyau nesa ba kusa ba: wuya a lanƙwashe baya, fukafukai a shimfiɗe, kowane gashi ya bar shatinsa ɓaro-ɓaro a jikin dutse. Halittar ba ta wuce girman hankaka ba, ta rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce. Tana da haƙora, da yatsu uku masu farata a kowane fiffike, da doguwar wutsiya ta ƙashi, abubuwan da babu tsuntsun yau da ya haɗa su.

Thomas Henry Huxley na Ingila ne ya fara hango inda aka dosa. Tun daga 1868 yake kwatanta ƙafafu da ƙugun tsuntsaye da na dainaso, har da wani ƙarami mai suna Compsognathus da aka samu a yankin, ya ce dangantakar a fili take.

Abin da ya taka wa ra'ayin nan birki wani ɗan ƙashi ne da duk mai fiɗar kaza ya sani, wato siririn nan mai reshe biyu da ke gaban ƙirji. A littafinsa na 1926, Gerhard Heilmann, mai zane ɗan ƙasar Denmak, ya yarda cewa kamannin sun yi yawa, amma ya ce ba a ga wannan ƙashi a jikin dainaso ba, kuma gaɓar da zuriya ta rasa ba ta dawo mata. Saboda haka ya jingina tsuntsaye ga wasu dabbobi da suka girme dainaso. Hujjarsa ta hankali ce, amma an gina ta a kan abin da ba a gani ba, alhali ƙashin yana nan a jikin wani dainaso mai suna Oviraptor da aka bayyana tun 1924, an dai ɗauke shi a matsayin wani ƙashi dabam. Kusan shekara 50 maganarsa ce ake bi.

John Ostrom na Jami'ar Yale ne ya farfaɗo da batun. A 1964 ya tono wani dainaso mai suna Deinonychus a jihar Montana ta Amurka, ya lura da wani ƙashi mai siffar rabin wata a wuyan hannunsa, wanda ke ba hannu damar naɗewa gefe yadda fiffike ke yi. Da ya jera hannun da na Archaeopteryx, sai ya ga tsari ɗaya ne, girma kawai ya bambanta. Ƙashin da Heilmann ya nema kuwa ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, har a jikin Suchomimus, ƙaton mai cin kifi da ayarin Paul Sereno ya tono a hamadar Tenere ta Nijar a 1997. Sai kuma lardin Liaoning na Sin, inda wani manomi ya samu Sinosauropteryx a 1996, ɗan dainaso da wani laushin gashi ya bi bayansa har wutsiya. A 2003 aka bayyana wani Microraptor mai dogayen gashi a hannu da ƙafa. Daga nan ya tabbata cewa gashi ya riga tashi sama, haka ma ƙasusuwa masu rami da iska ke shiga.

Abin da tsuntsaye suka ƙara daga baya shi ne tudun ƙashin ƙirji da tsokar tashi ke kamawa, da dunƙulewar wutsiya, da baki marar haƙori. Da dutsen sama ya faɗo a gaɓar Yukatan ta Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, sauran dainaso suka ƙare, har da tsuntsaye masu haƙora.

Daga waɗanda suka tsira aka samu nau'i kusan 11,000 na yau. Binciken ƙwayoyin gado, irin wanda aka wallafa a 2014 a kan nau'i 48, ya ƙarfafa rabuwarsu gida uku. Jimina da danginta ne suka fara ballewa, sai gidan kaza da zabo da agwagwa, sannan babban gidan da ya tattara saura, daga tantabara zuwa ungulu da aku. A wajen tsuntsaye kuwa, kada ne ɗan'uwansu mafi kusa a cikin masu rai, har ya fi kusa da su a kan yadda yake da ƙadangare.