Rawar Hannu Ko Motsin Amarya? Tarihin Na'urar Da Ke Hana Hoto Zamewa

Mu ɗauka an kira mai hoto wajen kamu a Tsanyawa, can kan hanyar Kano zuwa Katsina, bayan sallar magariba. An ɗauke wuta, janareto na ta ƙugi, ƙwai biyu ne rak ke ci a tsakar gida. Ya yi ta dannawa, a ɗan allon kyamara komai tas. Sai washegari da ya buɗe a kwamfuta ya ga rabin hotunan sun yi dishi-dishi, fuskar amarya kamar an goge ta da tsumma. Kamu kuwa ba a maimaita shi, kuma dangin amarya ba za su sake kiransa ba.

Ya tara 'yan kuɗi zai sayi sabon gilashin kyamara, irin wanda ba ya zum amma idonsa na buɗewa sosai. An nuna masa guda biyu: ɗaya na da na'urar hana rawa a ciki, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR, ɗayan babu, kuma ya fi araha. Gilashin da ya riga ya sha haske haka, yana buƙatar wannan na'ura kuwa? Amsar na cikin tarihin hoto tun daga farkonsa.

Titin da mutanensa suka ɓace

A 1838 Louis Daguerre ya kafa kyamara a tagarsa a birnin Paris na Faransa, ya ɗauki titin Boulevard du Temple. Titi ne mai hada-hada, amma a hoton wayam yake: babu keken doki, babu masu tafiya. Sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Dalili shi ne farantin na buƙatar mintoci yana shan haske. Gidaje da bishiyoyi sun fito ras, domin kyamarar ba ta motsa ba ko kaɗan. Duk abin da ke tafiya kuwa ya shuɗe bai bar alama ba.

Wannan hoton ya nuna cewa zamewar hoto iri biyu ce. Akwai wadda rawar kyamara ke jawowa, akwai wadda motsin abin da ake ɗauka ke jawowa. Maganin ta farko bai taɓa ta biyu. Shi ya sa masu hoton wancan ƙarni suka riƙa kafa kyamara kan ƙafa uku, sannan su tokare ƙeyar mutum da wani ƙarfe daga baya don kada ya gyaɗa kai.

Buɗe ido

Hanya ta biyu ita ce a rage lokacin. A 1840 Joseph Petzval, malamin lissafi a birnin Vienna na Ostiriya, ya lissafa wani gilashi mai lamba f/3.6, wanda ya fi na Daguerre shan haske fiye da ninki 15. Zaman hoto ya sauko daga mintoci zuwa ƙasa da minti guda.

Mece ce wannan lamba? Tsawon gilashi ake raba wa faɗin ramin da haske ke bi. Gilashi mai milimita 50 da aka buɗe a f/1.4, raminsa ya kai kusan milimita 36. Idan lambar ta yi ƙasa, ramin ya fi faɗi kenan. Daga f/5.6 zuwa f/4, zuwa f/2.8, zuwa f/2, zuwa f/1.4, kowane mataki na ninka haske sau biyu. Wato f/1.4 ya fi f/5.6 haske sau 16. Inda mai f/5.6 zai bar ƙyauren kyamara a buɗe kashi ɗaya cikin 8 na sakan, mai f/1.4 zai gama a kashi ɗaya cikin 125.

A 1924 kamfanin Ernemann na Dresden a Jamus ya fitar da kyamarar Ermanox da gilashi f/2, aikin wani matashi Ludwig Bertele. Da ita Erich Salomon ya riƙa ɗaukar 'yan siyasar Turai a ɗakunan taro ba tare da filasha ba. Gasar ta ci gaba: Canon ya yi f/0.95 a 1961, sannan Stanley Kubrick ya yi amfani da gilashin Zeiss f/0.7, wanda asali aka ƙera don hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauki wasu sassan fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir kaɗai.

A nan yankinmu ma masu hoto sun san matsalar, kowa da dabararsa. Seydou Keïta, da ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake zaunar da mutane, rana ta yi masa aiki. Malick Sidibé kuwa, mai bin wuraren rawar matasa da dare a shekarun 1960, filasha ya riƙe, domin haskenta na ɗan ƙiftawa ne, yana daskarar da mai rawa a inda ya same shi.

Amma buɗe ido na da farashi: zurfin wurin da ke fitowa tas yana raguwa. Gilashi mai milimita 85 a f/1.4, idan mutum na nesa da mita 2, abin da zai fito tas bai wuce santimita 5 ba. Ido ya fito, kunne ya narke. A jera amarya da ƙawayenta sahu biyu, na baya sun tafi.

Injin da ke rawa don hoto ya tsaya

Masu fim ne suka fara matsa wa lamarin. Garrett Brown ya ƙera Steadicam a tsakiyar shekarun 1970, wata riga mai hannun ƙarfe da ke raba kyamara da jijjigar jikin mai ɗauka. Da ita aka bi ɗan dambe yana hawa matakala a guje a fim ɗin Rocky na 1976. A 1988 Panasonic ya sa na'urar hana rawa cikin kyamarar bidiyo. Nikon ya sa ta a ƙaramar kyamarar hoto a 1994. A 1995 Canon ya fitar da gilashin cirewa na farko mai ita, EF 75-300mm f/4-5.6 IS.

Yadda take aiki ba wuya. Akwai wasu 'yan mitsitsin ma'aunai da ke jin duk karkacewar da kyamara ta yi, sama ko gefe. Su ke sanar da wata 'yar kwamfuta, ita kuma ta sa maganaɗisu ya goce da guntun gilashi guda a ciki, daidai yadda hoton zai ci gaba da sauka wuri ɗaya.

Ka lura da gilashin da aka fara sa wa: dogo ne, mai zum, kuma mai ƙaramin ido. Shi ne mai tsananin buƙata, domin dogon gilashi na ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman abin da ke nesa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce kada saurin ƙyaure ya gaza tsawon gilashi: milimita 50 na son kashi ɗaya cikin 50 na sakan, milimita 300 na son ɗaya cikin 300. Gajerun gilasai masu faɗin ido sai aka ƙyale su shekara da shekaru. Ana ganin ba sa buƙata, ga shi kuma guntun da za a riƙa gocewa da shi a cikinsu babba ne mai nauyi.

Abu biyu suka sauya lissafin. Na farko bidiyo: daga 2008, da Canon ya fitar da EOS 5D Mark II, kyamarar hoto ta zama ta fim, kuma a bidiyo saurin ƙyaure ba ya ɓoye rawar hannu, mai kallo na ganin allo na kaɗawa. Na biyu, ɗigon hoto ya ƙaru, rawar da fim ke haɗiyewa a da yanzu tana fitowa fili. Sai ga Canon 35mm f/2 IS a 2012, Tamron 35mm da 45mm f/1.8 a 2015, da Canon 85mm f/1.4 IS a 2017.

Wasu kuma sun bi ta wata ƙofa. A 2003 Minolta ya bar gilashi a tsaye, ya riƙa motsa farantin da ke karɓar haske a jikin kyamara. Sony ya kai wannan dabara ga babbar kyamararsa A7 II a 2014. Da irin wannan, ko tsohon gilashi ka ɗaura ya samu. Wayar hannu ma ta shiga layi: Nokia Lumia 920 a 2012, iPhone 6 Plus a 2014.

Mu koma Tsanyawa

Na'urar da ke ba da mataki 4 na nufin mai riƙe da gilashin milimita 50 zai iya sauka daga kashi ɗaya cikin 60 zuwa kashi ɗaya cikin 4 na sakan, bango ya fito tas. To amma mai tafiya a natse na cin kusan mita 1.4 a sakan, a rubu'in sakan ya matsa santimita 35. Doki a sukuwar hawan Sallah, a ce mita 12 a sakan, ya yi mita 3. Na'urar ba ta san da su ba. Hannunka kaɗai take ji. Titin Daguerre ne ya dawo.

Don haka wajen kamu, inda ake guɗa ana liƙi, abin da zai ceci mai hoto shi ne faɗin ido, ƙara ƙarfin jin hasken kyamara, ko filasha. Na'urar hana rawa na da nata wurin: jeren ɗakin amarya, kayan lefe, masallaci da dare, tsohon littafin ajami da ba a so a haska masa filasha. Tana da amfani a hoton dangi, inda dole a rufe ido zuwa f/5.6 don sahun baya ya fito, mutane kuma sun tsaya cak na ɗan lokaci. Tana ƙara amfani idan gilashin ya yi tsawo, milimita 85 ya fi 35 buƙatarta. Ga mai ɗaukar bidiyon biki da hannu kuwa, kusan dole ce.

Kafin mai hotonmu ya miƙa kuɗi, ya buɗe hotunan da suka lalace ya duba da kyau. In bango, tabarma da mutane duk sun zame gefe guda, hannunsa ne, na'urar za ta taimaka. In bango ya fito tas amarya ce ta zame, motsi ne, haske yake nema. In kuwa ido ɗaya ya fito sauran sun narke, ya buɗe gilashi fiye da kima. Sannan ya duba jikin kyamararsa: in tana da na'urar a ciki, ya sayi mai arahar, canjin ya haɗa ya sayi filasha.