Mashayi da Neman Abokan Tuba a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Tun zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, ba a daina faɗar haramcin giya a wannan yanki ba, kuma duk da haka ba a daina dafa ta ba. Maguzawa da waɗanda Musuluncinsu bai yi ƙarfi ba sun riƙe burkutu abin biki da gayya: a jiƙa dawa har ta tsira, a shanya, a niƙa, mata su dafa ta a manyan tukwane, a tace, a bar ta ta tashi, sa'an nan a zagaya da ƙoƙo. Da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya hana sayar wa 'yan ƙasa barasar ƙetare a Arewa, amma jirgin ƙasa da ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929 ya zo da baƙi da unguwanninsu, daga baya ta kwalba ta biyo. Aikin madatsar Bakolori, daga 1974 zuwa 1978, shi ma ya tara leburori masu albashin wata, ya kuma raba dubban manoma da gonakin gado, kuma wanda ya san halin ɗan Adam ya san abin da kuɗin hannu da ɓacin rai kan haifar idan suka gamu.

A da, idan shaye-shaye ya ci ƙarfin mutum, danginsa kan kai shi zauren malami, a yi masa rubutu a allo, a wanke ya sha, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai koma ba. Da yawa sun shiryu ta haka, ba na musu. Amma wanda ya koma yakan koma da nauyi biyu, na shan da na karya rantsuwa, sai kunya ta hana shi sake taka ƙofar malamin. Daga nan kuwa sai gidan mari, inda ake ɗaure ƙafa alhali ciwon yana cikin jini da zuciya. Abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019 ya isa hujja.

Sa'ad da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau cikin Oktoba 1999, dokar kuma ta soma aiki a Janairu 2000, an rufe mashaya, an tsai da haddin bulala 80 bisa mazhabar Malikiyya, jama'a suka yi farin ciki, kuma da gaskiyarsu. Sai dai doka ta rufe wurin shan ne kawai. Wanda jarabar ta riga ta kama ya koma ɓoye, waɗansu kuma suka sauya zuwa ƙwaya da kodin, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Akwai wata hanyar dabam da aka gwada. A Amurka, a garin Akron, cikin 1935, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa babu mai riƙe mashayi kamar ɗan'uwansa da ya ɗanɗani wannan azaba, suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ƙa'idarta ita ce a taru, kowa ya faɗi halinsa, ba a ambaton cikakken suna, ba a fitar da zance waje. Musulmin Baltimore suka gina tasu a kan tuba da salla a 1989, suka kira ta Millati Islami. Irin wannan tausasa wa mashayi ba baƙon abu ba ne ga ma'abota ilmi, domin haramcin giya da kansa mataki-mataki ya sauka, kuma ya tabbata cikin Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda sha, ya shaida cewa yana ƙaunar Allah da Manzonsa.

Mutumin Mafara da ke son bari a yau, likita ne farkon wanda ya kamata ya gani, ko a asibitin gari ko a na ƙwaƙwalwa da ke Kware, saboda yanke giya farat ɗaya ga wanda ya daɗe a cikinta kan jawo karkarwa da farfaɗiya, har ta kai ga halaka. Bayan an sallame shi daga asibiti ne wahalar take, domin majalisar da ya bari ita ce zai tarar, kuma idan ya nemi wata ta masu tuba irinsa, tsoro biyu ne za su tare shi: cewa bayyana zunubi saɓo ne, da cewa iƙirari na iya kai shi gaban alƙali. Malamanmu sun san bambancin mai alfahari da saɓo da mai neman magani, sun kuma san iƙirarin da ke wajabta haddi a gaban alƙali ake yin sa. Ina roƙon su faɗi haka a fili, a mumbarin Juma'a na Mafara da Bakura da Maradun, su kuma ba masu tuba aron zaure ɗaya bayan sallar isha'i.