Kufan Alƙalawa

A ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni mai suna Fulorans. Kowace shekara baƙi suna ɗunguma can daga ƙasashe nesa da kusa, domin su ga zane-zane da sassaƙe-sassaƙen da gwanayen birnin suka yi shekaru ɗari biyar da suka wuce. Babban gidan da aka tara kayan nan ana kiransa Uffizi, watau ofisoshi, gama a 1560 da aka soma gininsa don ma'aikatan hukuma aka yi shi. Dukiyar sarakunan gidan Medici ce. Da zuriyarsu ta zo ƙarewa, sai gimbiyar da ta saura ta rubuta alkawari a 1737, ta bar wa ƙasar kayan duka, bisa sharaɗin kada a fitar da ko ɗaya. Takardar nan ita ta tsare su har yau.

Kimanin shekara ashirin da biyar bayan wannan alkawari, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa babban birninsa a Alƙalawa, kusa da Gulbin Rima. An ce wurin na alƙalan Zamfara ne tun farko, shi ya sa ya sami sunan. Aka kewaye shi da ganuwa, kasuwa ta cika, Abzinawa suka riƙa saukowa da gishiri. A zamanin Bawa Jan Gwarzo birnin ya kai matuƙar ƙarfinsa, har ba wani sarki a yammacin ƙasar Hausa da ba ya shakkarsa. Shi ne sarkin da ya tara malamai a Magami ran Sallar Layya, ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan sarƙa, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Magadansa ba su riƙe wannan zumunci ba. A zamanin Yunfa al'amari ya ɓaci, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni. Ƙarshen shekarar jama'ar Shehu suka zo suka kewaye Alƙalawa, amma Gobirawa da Abzinawa suka auka musu a Tsuntsuwa. Muhammadu Bello ya rubuta cewa mutum kamar dubu biyu suka yi shahada, cikinsu wajen ɗari biyu mahaddatan Alƙur'ani ne. Sai a watan Oktoba 1808 birnin ya faɗi a hannun rundunar da Bello ya jagoranta, Yunfa ya mutu a cikin yaƙin. Duk rayuwar Alƙalawa a matsayin babban birni ba ta cika shekara hamsin ba.

Gobirawa suka watsu. Bayan karon Gawakuke a 1836 waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da su, ya dawo yamma ya gina Sabon Birni, ba nisa da tsohon kufai. Har yau sarkin Sabon Birni da na Isa kowannensu Sarkin Gobir ake ce masa.

To, wanda ya je Alƙalawa yawon buɗe ido, me zai gani? Ba zai tarar da soro mai cike da zane ba. Zai ga tudun ƙasa inda ganuwa ta bi, da gonakin gero a inda unguwanni suke, da kasake a cikin kunya. Za a nuna masa makwantan sarakuna, da Tafkin Kanu, wanda aka ce a cikinsa ake jefa kawunan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Fulorans da dutse aka gina ta, Alƙalawa kuwa da tubali, ga damina, ga gulbi mai sauya hanya.

Amma kada mai karatu ya zaci Gobirawa ba su bar kome ba. Gwanintarsu ta tafi cikin tambura, da kirarin sarakuna, da jerin sunayensu da tsofaffi ke riƙewa da ka, har da tsagen da ke fuskokinsu. Labarin faɗuwar birnin kuwa, mafi yawan abin da aka rubuta daga alƙalamin waɗanda suka ci shi ya fito, na Gobirawa yana bakin dattawa. Irin wannan taska ba ta da ƙofa balle makulli, duk tsohon da aka binne, an binne wani sashenta. Tun wajen 2020 kuma fitinar 'yan fashin daji ta tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Sabon Birni da Isa, ta raba dattawa da jikokin da ke sauraronsu.

Saboda haka ya kamata duk malamin makaranta ko magatakardan da ke zaune kusa da irin waɗannan tsofaffi ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da suka sani, ya sa sunan mai faɗi da garinsa, ya kai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, inda za a adana shi. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba ƙasar Gobir lafiya, amin.