Koci: Daga Keken Doki Zuwa Filin Ƙwallo

Kalmar "koci", da samarin Zongon Lome ke kiran mai koyar da su ƙwallo da ita, daga Turanci ta shigo. Tushenta kuwa ƙauyen Kocs ne na ƙasar Hungary, inda ake ƙera keken doki a ƙarni na 15. Wajen 1830 ɗaliban Jami'ar Oxford suka laƙaba ta ga malamin da ke tsallakar da su jarrabawa tamkar keken doki, daga baya ta faɗa fagen wasa. Wasu na cewa "mai horarwa" ya wadatar. Sai dai horo a Hausa ya fi kusa da ladabtarwa, alhali koci shi ke nemo 'yan wasa, ya yi fafutukar fili da haƙƙinsu. Misali, a 2006 kocin tawagar ƙwallon Togo, Otto Pfister, ya ajiye aikinsa kan kuɗin 'yan wasansa, kafin ya dawo.