Kyautar Sukuwa da Kuɗin Caca: Tsohuwar Gardama daga Dimashƙa zuwa Filayen Arewa

Hukuncin da Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke a watan Nuwamban 2024, wanda ya tabbatar da cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, kuma dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja, ya sake ba da nauyi ga tambayoyi biyu da suka daɗe suna yawo a tsakanin masu dawaki. Ta farko ita ce ko mota ko kuɗin da mai doki ke karɓa bayan dokinsa ya zo na ɗaya sun bambanta da abin da matashi ke ci a shagon caca. Ta biyu kuwa ita ce ko sukuwa za ta iya tsayawa da ƙafarta ba tare da kuɗin caca ba, tun da a Ingila da Faransa da shi take rayuwa. A jiha irin Kebbi, wadda ta ƙaddamar da Shari'a a ƙarshen shekarar 2000, amsar tana shafar duk wanda ke ɗaure da ingarma a turke daga Jega zuwa Aliero da Maiyama, kuma tarihi ya riga ya faɗi abu mai yawa a kanta.

Akwai masu cewa Turawa ne suka kawo tseren dawaki ƙasar Hausa, akwai kuma masu cewa gado ne tun kaka da kakanni, sai dai kowane ɓangare ya riƙe rabin maganar ne kawai. A ƙarni na 19 doki kayan yaƙi ne kafin ya zama kayan wasa, kuma a wannan yanki, inda Gwandu da Kabawa suka shafe shekaru suna fafatawa, darajar basarake tana tafiya da yawan mahayan da zai iya fitarwa. Kasuwar Jega, wadda ta bunƙasa bayan Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin, tana kan hanyar fatake masu zuwa Nufe da ƙasar Yarbawa da Gwanja, kuma dawaki na cikin hajar da Arewa ke turawa kudu a kai a kai, domin ƙudan tsando ba ya barin su su daɗe a can. Sukuwa da zamiya da jafi a gaban sarki duk tsofaffi ne, haka ma tukuicin riga ko alkyabba ga mahayin da ya burge. Abin da Turawa suka kawo shi ne filin da aka kewaye, da tazarar da aka auna, da kulob mai rajista, da kuma tagar karɓar kuɗin 'yan kallo, wadda ita ce baƙuwa ta haƙiƙa.

Malaman zaure ba su jira Bature ba kafin su san hukuncin tsere, domin yana cikin littattafan da suke karantarwa. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, inda ya ware dawakin da aka yi wa horon ramewa, wato waɗanda aka ƙosar sannan aka rage musu abinci aka lulluɓe su har suka zubar da kitse ta hanyar gumi, ya ba su doguwar tazara daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hora ba kuma ya ba su gajeriya zuwa masallacin Bani Zuraiƙ. Wani hadisin ya taƙaita halaccin sanya kyauta ga abubuwa uku, raƙuma da dawaki da harbin kibiya, saboda dukansu shirin yaƙi ne. Don haka ba a yi saɓani a kan halaccin kyautar kanta ba. Inda aka rabu shi ne aljihun da za ta fito.

Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta jera ra'ayoyin biyu kusa da ƙarshenta. Na farko na Sa'idu ɗan Musayyib ne, babban malamin tabi'ai a Madina: idan mutum biyu kowannensu ya ajiye wani abu, sai su shigar da mahayi na uku da ake kira muhallil, ma'ana mai halattawa, wanda bai ajiye komai ba, idan ya yi nasara ya kwashe duka, idan ya sha kaye kuma babu abin da zai biya. Sharaɗin shi ne dokinsa ya zama tsaran nasu, ba ƙuru ko gurgun da aka san ba zai kai labari ba. Malik bai gamsu da wannan ba. A wurinsa mutum ɗaya ne zai fitar da kyauta, kuma ba za ta koma hannunsa ba ko da shi ya zo na ɗaya: sai ta tafi ga wanda ke biye da shi, idan kuwa su biyu ne kacal a tseren, waɗanda suka halarta su ci. A kan haramcin ajiya daga ɓangarori biyu, ko da an sa muhallil, Muhtasar na Halilu ya tafi, kuma shi ne abin da alƙalan daular Sakkwato da Gwandu suka dogara da shi a fiƙihu.

Mas'alar ta kai ga rikici a fili a birnin Dimashƙa a watan Muharram na shekarar 746 bayan Hijira, daidai da 1345. Ibnul Ƙayyim, almajirin Ibnu Taimiyya, ya rubuta littafi a kan hawan doki da harbi, Alfurusiyya, inda ya kare ra'ayin malaminsa cewa mahaya biyu na iya ajiye kuɗi kowannensu ba tare da muhallil ba. Hujjarsa tana da ƙarfi: ya ce ruwayar muhallil maganar Sa'idu ce ba ta Annabi ba, kuma idan har ajiyar caca ce, to shigar mutum na uku ba ta wanke ta, illa ma ta ƙara wa masu ajiyar hanyar asara, idan kuwa ba caca ba ce, babu buƙatarsa. Ya riƙa ba sojojin Mamluk wannan fatawa, mutanen da tsere da harbi ne sana'arsu ta yau da kullum, har maganar ta kai kunnen alƙalin alƙalai na Shafi'iyya, Taƙiyyuddin Assubki, wanda ya kira shi ya tuhume shi da saɓa wa mazhabobi huɗu. Ibnu Kasir, wanda ya rayu a birnin a lokacin, ya rubuta cewa an tashi ne bayan Ibnul Ƙayyim ya nuna ya bi ra'ayin mafi rinjaye, Ibnu Hajar kuma daga baya ya bayyana abin a matsayin janyewa.

Wasu manazarta na wannan zamani suna shakkar cewa janyewar ta kai zuci, kuma alamu sun fi goyon bayansu, domin lafazin Ibnu Kasir nuna yarda ne a gaban mai iko, littafin kuma ya ci gaba da yawo da hujjojinsa ba a goge ko ɗaya ba. Amma abin lura shi ne, sukar da Ibnul Ƙayyim ya yi wa muhallil ta dace da shakkar Malik, sai dai sun fita ta ƙofofi biyu: shi ya cire muhallil ya bar ajiyar, Malik ya cire su duka. Ga ƙasar da matasanta suka riga suka faɗa tarkon cacar ƙwallo ta waya, matsayin Malik ya fi aminci, domin bai bar wa mai fitar da kuɗi wata hanyar kwaɗayin riba ba. Kuma duk wannan gardama a kan mahaya da masu dawaki take. Ɗan kallon da ya sa kuɗi a kan dokin wani, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan malamai da ya ba shi mafaka.

Turai kuwa a kan wannan ɗan kallon ta gina sana'ar. A cikin shekarun 1860 Joseph Oller ya ƙirƙiro a Paris tsarin tara kuɗin masu caca wuri ɗaya, a cire kaso, a raba sauran ga waɗanda suka canki daidai, kuma dokar Faransa ta 1891 ta mai da shi hanya ɗaya tilo ta halal a filayen tsere. Kamfanin PMU, wanda ya fitar da cacar zuwa wajen fili tun farkon shekarun 1930, yana mayar wa masu caca kusan kashi uku cikin huɗu, sauran kuma gwamnati da ƙungiyoyin tsere su raba, daga nan kyaututtuka da gyaran filaye ke fitowa. Ingila ta halatta shagunan caca a 1961 tare da ɗora musu harajin tallafa wa tsere, wanda tun 2017 ya tsaya a kan kashi 10 cikin 100 na ribar da suke samu daga cacar tseren dawaki. Sawun wannan tsari yana nan a dokar manyan laifuka da Nijeriya ta gada, inda sashe na 239, wanda ya hana gidajen caca, ya keɓe na'urar tara kuɗi ta kulob ɗin tsere da gwamnati ta amince da shi. A Nijar kamfanin gwamnati na LONANI yana sayar da tikitin tseren da ake yi a Faransa, ta yadda mai caca a Maraɗi ke zuba kuɗinsa a kan dokin da bai taɓa jin haniniyarsa ba.

A Arewa sarakuna ne suka karɓi wasan, kuma suka ɗora shi a kan tsohuwar al'adar tukuici. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944 kuma ya fara zuwa Ingila a 1921, da ɗansa Usman Nagogo, gwanin folo da sunansa ya wuce iyakar Nijeriya, su ne fitattun misalai na gidan sarautar da ya mai da doki abin alfahari bayan an daina yaƙi. Har yau kofi da mota da babur daga hannun basarake ko attajiri ko gwamna suke fitowa, kuma wannan shi ne siffar da babu malamin da ya yi jayayya da ita.

Sai dai tsarin yana da rauninsa, kuma raunin a ƙarƙashin kofato yake. Mai bayar da kyauta yana son abin da za a ɗaga sama a ga sunansa, alhali fili ruwa yake buƙata da haro da shinge duk shekara. Ƙasar yankin Kebbi kala uku ce, kowace da haɗarinta: fako yana da tauri, yana dukan gaɓoɓin dokin da galibi ba a yi masa takalmin ƙarfe, jigawa mai zurfin rairayi tana riƙe ƙafa har jijiya ta gaji kafin a kai rabin tazara, lakar fadama irin ta bakin Gulbin Zamfara kuwa santsi ce da damina, da rani kuma ta dare ta bar tsaga da kofato zai iya faɗawa ana tsakiyar gudu. A kan haka ga ƙurar hunturu, wadda ke rufe idon mahayin da ke baya, yaron da sau da yawa ba shi da hular kariya. Lissafin ruwan kaɗai ya isa ya nuna girman aikin: da'ira mai tsawon mita 1,600 da faɗin mita 20, idan za a jiƙa ta da ruwan da bai wuce milimita 5 ba, tana shan lita 160,000 a yayyafi ɗaya. A Ingila ana auna laushin ƙasa a sanar kafin tsere, mai doki kuma yana iya janye dokinsa idan bai yarda da ita ba, haƙƙin da ya kamata kowane mai doki a nan ya samu.

Filin da babu mai kula da shi kullum, wata buƙatar ce ke cinye shi. Na Legas, wanda Oba Dosunmu ya bayar a 1859 kuma aka yi bikin 'yancin kai a cikinsa a 1960, ya koma Dandalin Tafawa Ɓalewa. Na Kaduna, inda aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, ya koma Dandalin Murtala. Dubai tun 1996 da Saudiyya tun 2020, inda kyautar tsere ɗaya ta kai dala miliyan 20, sun nuna cewa ana yin gasa mafi tsada a duniya babu tagar caca a filin, amma can mai bayar da kyautar shi ne ke biyan kuɗin ƙasar da ake gudu a kanta. Ga gasannin da ake yi yanzu a garuruwan Arewa, waɗanda dawakin Nijar da Chadi da Kamaru ke halarta, saura batun kuɗin rajista da masu dawaki ke biya: idan an zuba shi cikin kyauta, ya koma ajiyar ɓangarori da Malik ya hana, idan kuwa an ware shi ga tankar ruwa da haro da likitan dabbobi, lada ne na aikin da aka yi wa kowane doki da ya shiga fili.