DIFFA: GARIN DA AKE ZUWA CIN RANI, YAU 'YA'YANSA KE FITA

A shirinmu na makon jiya wani dattijo daga wajen Geskeru ya kira, ya ce samarin gidansu uku duk suna Libiya. Ya ce a da shi ne yake ɗaukar 'yan ƙwadago. Maganar nan ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka ce bari mu waiwaya baya kaɗan.

Matasanmu da yawa ba su san cewa jihar nan ta daɗe tana karɓar baƙi ba. Bayan farin 1973 da na 1984 tafkin Cadi ya ja baya, dabbobi suka mutu, gero ya ƙi. Ruwan Komadugu ma ya ragu, don asalinsa daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake, kuma an tare shi can sama da madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. To amma mutanen bakin kogi ba su watse ba. Suka sayi injin ban ruwa, suka kama tattasai. Daga Shetimari zuwa Geskeru har Boso, idan sanyi ya shigo sai ka ga ƙasa ta yi jajir da shanya. Jan zinariyar Manga ake ce masa, kuma ba zuga ba ce.

Tattasai aiki ne mai cin hannu. Akwai mai dashe, mai ban ruwa, mata masu tsinka, mai ɗurawa a buhu, ɗan dako, direban babbar mota da zai tsallaka da shi Damasak ya wuce Maiduguri ko Kano. Haka ma a tafki: kifi banda yana fita ta Baga. Saboda haka 'yan cin rani daga Damagaram da Maraɗi suke zuwa nan, su yi wata uku ko huɗu, su koma gida kafin shuka da nairori a aljihu. E, nairori, domin a kasuwanninmu naira ta fi sefa yawo. Tafiya ce mai tsari: ka san gonar da za ka, ka san mai masaukinka, gida sun san ranar dawowarka.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram suka kawo hari Boso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sa dokar ta-ɓaci. Aka hana babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka taƙaita taki da man fetur, bisa hujjar cewa 'yan ta'adda suna karɓar haraji daga cinikin nan. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai. Sai harin Boso na 3 ga Yuni 2016, wanda ya zubo dubban jama'a bakin kwalta, su Kinjandi da Ngagam, cikin bukkokin leda.

Ba mu ce hujjar tsaro ƙarya ce ba, duk mun ga abin da ya faru da idanunmu. Amma a rana ɗaya ɗan kabu-kabu, masunci da ɗan lambu suka zama marasa sana'a, kuma ba a tanadar musu madadi ba. Saurayi mai iyali zai zauna yana jiran rabon tallafi? Ina! Wasu suka nufi Djado, inda aka gano zinariya a 2014, har hukuma ta rufe wurin a 2017. Wasu suka wuce Dirku zuwa Libiya. A daidai lokacin ne kuma dokar 2015-36 ta hana safarar bakin haure ta sa direbobi suka bar sananniyar hanya mai rijiyoyi suka riƙa ratse cikin Tenere don guje wa jami'ai. Kuɗin mota ya hau, haɗari ya ƙaru. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma waɗanda sahara ta ci ba su dawo ba. Akwai kuma waɗanda ba su je arewa ba, suka shiga daji don an yi musu alkawarin babur da kuɗin aure. Wannan ba mu cika faɗinsa a rediyo ba, amma kowa ya sani.

An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019. A Yuni 2021 aka fara mayar da mutanen Barwa garinsu. Sai dai ɗage doka ba ya dawo da injin da aka sayar don a ci abinci. Ga ambaliyar 2019 da ta 2022 da suka cinye lambuna, ga gonaki na bakin kogi da har yanzu ba a kusantarsu sai da tsoro.

Shi ya sa idan aka kawo mana sanarwa a tasha cewa matasa su zauna gida, muna karantawa, amma mun san ba ta isa ba. Mai tafiya zai tafi. Abin da za mu roƙe shi, ya riƙe katin ɗan ƙasa, ya bi ayari sananne, ya san wanda zai sauka wurinsa, kada ya karɓi bashin kuɗin mota da sunan zai biya a can, don ta nan ake tsare mutane a Sabha. Su kuma hukumomi da masu tallafi, dattijon Geskeru bai nemi buhun shinkafa ba. Inji ya nema, da taki, da hanyar da zai kai gonarsa ya dawo lafiya. Ya ce idan ya samu, biyu daga cikin ukun za su dawo kafin dashe.