Tarihin Wa'adin Jira: Yadda select() Ta Raba Kan Masu Rubuta Manhaja

Manhajar da ke sauraron saƙo daga intanet tana da zaɓi uku: ta jira har abada, ta leƙa ta wuce, ko ta ɗibar wa kanta wa'adi. Yadda ake gaya wa kwamfuta wannan wa'adin yana da nasa tarihi.

A 1983 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da 4.2BSD, wani nau'in Unix, ɗauke da umarnin select(). Mai rubuta manhaja zai miƙa masa jerin hanyoyin da yake sauraro, da wa'adi a sakan da mikrosakan. In ya ba da sifili, ya dawo nan take. In bai ba da komai ba, jira ba iyaka.

To, idan saƙo ya iso kafin wa'adi ya cika fa? BSD tana barin lambar yadda aka ba ta, ko da yake takardar bayaninta ta yi gargaɗin wata rana hakan na iya canjawa. Linux, da ta zo a 1991, ta zaɓi ta goge lambar ta rubuta lokacin da ya rage. Nan fa ake yin ta. Manhajar da ta saita sakan 5 sau ɗaya tana ta maimaita kira, lafiya lau take a BSD. A Linux kuwa wa'adin zai yi ta raguwa har ya kai sifili, daga nan ba sauran jira, sai ta dinga zagaye tana cinye ƙarfin kwamfuta a banza. Ƙa'idar POSIX ba ta raba gardamar ba, ta halatta duka biyun.

Umarnin poll(), da ya fito daga System V na kamfanin AT&T, ya kauce wa ramin: wa'adi lamba ce guda a milisakan, -1 na nufin har abada, kuma ba ya taɓa ta. Da epoll ya shigo Linux a 2002, wannan tsarin ya gada. Sai dai ba ya iya jiran ƙasa da milisakan ɗaya, shi ya sa a 2021 Linux 5.11 ta ƙaro epoll_pwait2 mai auna nanosakan.

Har yau select() na nan da halinsa biyu. Don haka, mai karatu, in za ka kira shi, sake saita wa'adinka kafin kowane kira.